Muryar da Na Ɓoye a Gafaka

Sunana ba zai amfane ku da komai ba, don haka na bar shi. Ko mahaifiyata ba ta taɓa furta shi ba tun ranar da aka raɗa mini, domin ni ne ɗanta na fari, ita kuwa Inna mace ce mai riƙon alkunya irin ta mutanen da. In tana nemana sai ta ce wa ƙanwata, "Kira mini wancan." Yau shekarata talatin da 'yan kai ina amsa wancan, kuma ban taɓa jin haushi ba. Na dai sha yin tunani tun ina yaro, ko yaya sunana zai fito a bakinta.

Ku samarin da ke zaune a layin masu waya kuna koyon aiki, da ku nake. Ni ne wanda ake nuna muku da baki a ce ya taɓa zaman gidan yari. Gaskiya ne, na zauna. Gara ku ji yadda aka yi daga wurina da ku ji a majalisa an ƙara gishiri.

A Ƙofar Dumi aka haife ni. Mahaifina baduku ne, yana ɗinka takalma da kube da gafakar Alƙur'ani a wani ɗan zaure da ke kallon lungu. Ba mu da dukiya, amma ba mu taɓa kwana da yunwa ba, kuma ba a taɓa yin sallama a ƙofarmu don wani abin kunya ba. Na yi allo, na yi boko har sakandare. Aibina ɗaya a lokacin, hannuna ba ya zama wuri ɗaya. Sau biyu ina kwance rediyon Baba. Na farko na sha bulala. Na biyu rediyon ya kama tashoshin da bai taɓa kamawa ba, sai Baba ya dube ni, ya dubi rediyon, ya mayar da bulalar inda ya ɗauko ta. Ya rasu shekarar da na gama makaranta. Gafakarsa ta kansa, wadda ya ɗinka da jar fata tun yana saurayi, Inna ta rataye ta a bangon ɗakinta da Alƙur'anin a ciki.

Bayan an yi arba'in, kawuna ya kai ni wurin Oga Isiyaku mai gyaran waya. Gajeren mutum ne mai tabarau ɗaure da zare, ba ka ganin haƙorinsa sai matacciyar waya ta tashi a hannunsa. A wurinsa na koyi canza gilashi da gyaran bakin caji, sannan da ya ga kaina yana ja, ya zaunar da ni gaban kwamfuta ya koya mini filashin.

Shi filashin, ga wanda bai sani ba, shi ne a wanke ƙwaƙwalwar waya tas a zuba mata sabuwar manhaja. Wayar da ta maƙale a kan tambarin kamfani ta ƙi wucewa, ko mai kashe kanta tana kunnawa, ko wadda mai ita ya manta lambar sirri, sai a haɗa ta da kwamfuta ta wani ɗan akwati da muke kira bokis, a yi mata wanka. Za ta farka kamar yau aka fito da ita daga kwali, ba ta san kowa ba, ba ta tuna komai ba.

Oga yana da ƙa'ida huɗu, uku tambaya ne, ɗaya aiki. Kafin ka taɓa waya sai ka ce da mai ita: taka ce? Ina kwali ko rasit? Me ke ciki da ba ka so ka rasa? Ta huɗun kuwa, ko mene ne amsarsa, sai ka kwashe duk abin da ke cikin wayar ka ajiye a kwamfuta kafin ka wanke ta, a cikin folda mai ɗauke da sunan mai ita da kamannin wayar. Wayoyin wancan lokaci suna bari bokis ya karanto cikinsu ko da suna kulle. Sau ɗaya na taɓa tsallake wannan. Wani mai sayar da albasa ya rantse babu komai a wayarsa, na wanke, kashegari ya dawo hankali tashe, lambobin masu kawo masa kaya duk sun tafi. Oga bai zage ni ba. Littafi da biro ya miƙo mini. Kwana uku ina yawon kasuwa da tasha ina karɓo lambobin 'yan albasa, ana yi mini dariya. Tun daga nan hannuna ya haddace. Da na sa waya a bokis, kafin in yi tunani yatsuna sun kwashe abin da ke ciki.

Shekara huɗu na yi da shi ya yaye ni. Na kafa teburina da lema a ƙarshen layin, mutane suka fara kirana Injiniya, ni da ko ƙofar jami'a ban taɓa shiga ba. Sunan ya yi mini daɗi ƙwarai. Aiki kuma yana zuwa daidai gwargwado, ina kai cefane gida, ina sa wa babur mai. Ba yunwa ce ta kai ni ga abin da na yi ba, kada wani ya yi mini wannan uzurin.

Tambaya ta biyu na fara zubarwa. Wani ɗalibi ya kawo wayar da ya manta lambarta, babu kwali babu rasit, na ce a raina wa ke ajiye kwali in ba Oga Isiyaku ba. Na yi masa, ba abin da ya faru. Na yi wa na biyu da na uku. Labari ya bazu cewa akwai wani Injiniya a ƙarshen layi da ba ya wahalar da mutane da tambaya. A haka Gambo ya same ni.

Gambo saurayi ne mai tsabta, kullum cikin guga da ƙamshi, in ya gaishe ka sai ya ɗan rusuna. Ya zo da waya a kulle ya ce ta ƙanwarsa ce. Bayan kwana biyu ya zo da wata, ita ma ta ƙanwarsa. Da ya kawo ta biyar na ce, "Gambo, wai ƙannen nan naka su nawa ne?"

Ya yi murmushi ya ce, "Gidanmu babban gida ne, Injiniya."

Muka yi dariya tare. Wannan dariyar ce ta kai ni gidan yari, domin daga ranar mun fahimci juna ba tare da kowa ya faɗi komai ba. Ba ya neman ragi, ba ya zama jira, da safe ya ajiye da yamma ya ɗauka. Daga wanka na koma canza lambar nan da kamfani ke ba kowace waya, wadda ake bin sawunta da ita in ta ɓace. Ina gaya wa kaina ai ni ban sa hannu a aljihun kowa ba, sana'ata nake yi. In Inna ta ga na shigo da kaza ta sa mini albarka, sai in ji wani abu ya tokare mini wuya, in sha ruwa ya wuce.

Ga abin dariya kuma abin takaici. Tambayoyin uku duk na zubar da su, amma hannuna bai daina kwashe abin da ke cikin waya ba. Da yake ban san sunayen masu wayoyin ba, sai in sa wa foldar sunan wanda ya kawo: Gambo baƙa, Gambo mai fasasshen gilashi, Gambo ruwan zinariya. Ban taɓa buɗe ko ɗaya ba. Na san in na buɗe zan ga fuskar mutum, ni kuwa na fi so wayar ta zama waya kawai.

Wata Laraba da hantsi wani mutum ya biyo layin yana tsayawa a kowane tebur. Dogo ne siriri, ƙafarsa ta manomi, hularsa ta sha wanki har ta koɗe. Ina jin abin da yake faɗa tun daga nesa, domin magana ɗaya yake maimaitawa. Da ya iso wurina ya yi sallama ya ce, "Injiniya, sunana Buba, daga Miri nake. Ran Juma'ar da ta wuce aka zare mini waya a tasha, na kawo masara. Toka-toka ce, murfin bayanta ya saki, na ɗaure shi da jar roba. Ban zo neman wayar ba. Wanda ya ɗauka ya riƙe, na yafe masa. Abin da ke ciki nake nema."

Na gane wayar. Ran Asabar na wanke ta da hannuna, Gambo ya ɗauka ya sayar. Foldarta tana gabana a kwamfuta, Gambo mai jar roba.

Na daure na ce, "Me ke ciki, Malam?"

Ya zauna a bakin bencina. Ya ce matarsa Hajara ta rasu bara, ta bar masa 'ya ɗaya, Maryama, shekararta uku. Ya ce, "Ka san 'yar fari. Hajara ba ta taɓa kiran sunanta a gaban kowa ba, ko a gabana. Sai dai ta ce yarinyar nan. Wata rana na kunna abin ɗaukar murya na ɗora wayar a kan katanga na fita kamar zan tafi gona, don in tsokane ta. Ta ɗauka ba kowa, ta yi ta wasa da yarinyar tana kiran sunanta. Shi ne kawai, Injiniya. Ba mu da hotonta mai kyau, ba mu da komai. Ina ajiye da shi sai Maryama ta yi wayo in kunna mata, ta ji uwarta ta taɓa kiranta. Dada, tsohuwar Hajara, duk Juma'a sai ta sa na kunna mata. Wannan Juma'ar ban san abin da zan ce mata ba."

Da a ce wani ne ya ji wannan, da sai an yi masa bayani. Ni ba na bukatar bayani, ni ma wancan ne a gidanmu. Dannawa biyu ce tsakanin mutumin nan da muryar matarsa. Amma in na ba shi, na shaida da kaina cewa wayar sata ta ratsa teburina, kuma maƙwabtana a layi duk sun kasa kunne.

Na dube shi na ce, "Wallahi ba ta zo nan ba, Malam. Allah ya bayyana."

Ya ce amin. Ya yi mini godiya, ya ce in na ji labari, a Miri in na tambayi Buba mai masara kowa ya sani, gidan da ke da tsamiya a ƙofa. Ya miƙe ya wuce tebur na gaba, na ji ya sake farawa daga farko.

Da layin ya yi shiru lokacin azahar, na sa abin kunne na buɗe folda a karo na farko. Na ji kukan akuya da ƙarar wanke-wanke. Sai muryar mace, ƙasa-ƙasa, tana dariya: "Maryama. Ke Maryama, zo nan. Wa ya ce ki ci ƙasa? Maryamata." Yarinya tana gwaranci. Can sai muryar namiji ya fashe da dariya, ita kuma ta ce, "Haba Malam, ashe kana nan? Don Allah ka goge, kada Dada ta ji." Minti biyu ne da 'yan kai. Na cire abin kunnen na zauna, ina jin kunya irin wadda ban taɓa ji ba.

Na kwafe muryar a wani ɗan memori da bai kai farcen ɗan yatsa ba. Niyyata in ba ɗan acaɓa ya kai Miri ba tare da suna ba. Sai na ce ai ɗan acaɓan zai gane ni. Na ce to in je da kaina in jefa ta kan katanga, sai na ce in aka gan ni fa. Na kai shi gida na rasa inda zan sa, ƙarshe na faki idon Inna na zura shi cikin naɗin fatar gafakar Baba, wajen ɗinkin bakin. Na san ba mai taɓa ta. Abin kunya, ni ne ya kamata in riƙa buɗe ta, kuma rabona da ita tun rasuwarsa. Na ce gobe zan san dabara. Goben nan ta yi wata biyar, Gambo yana kawowa ina wankewa.

Wata waya ce ta kawo ƙarshen abin. A wajen wani biki a GRA aka ɗauke ta, mai ita kuma ba mai barin ta kwana ba ce. An kama wanda ya saya, ya nuna Gambo, Gambo da rusunawarsa ya kawo su har gaban lemata da rana tsaka. Suka ɗauke ni da kwamfuta da bokis, layi ya cika da 'yan kallo. Na so in yi musu, in ce ni aiki aka kawo mini ban san komai ba. Sai aka buɗe kwamfutar. Folda bayan folda, kowace da sunan Gambo da kamannin waya, a ciki kuma ga hotuna da lambobin masu su na ainihi. Aka yi ta kiran mutane suna zuwa suna cewa tasu ce. Ɗan sandan da ke binciken ya ce bai taɓa ganin mai laifin da ya shirya masa aiki tsaf haka ba. Malam Buba ba ya cikin waɗanda aka samu, domin layinsa ya tafi da wayar, kuma bai taɓa kai ƙara ba. Kwamfutar ta zama shaida a kotu, ban sake ganinta ba.

Ranar da aka yanke mini shekara uku Oga Isiyaku ya zo. Ya matso kusa da ni kafin a fita da mu, ya gyara tabarau ya ce, "Abu huɗu na koya maka. Ka zubar da uku ka riƙe ɗaya, ɗayan ya kama ka. Da ka riƙe su duka da yanzu kana kan teburinka." Bai ƙara ba, ya tafi.

Ba zan cika ku da labarin gidan yari ba. Wuri ne da ba ka da ikon buɗe ƙofa ko rufe ta, kuma kana da lokacin tunani fiye da yadda kake so. Abin da ya fi tsaya mini shi ne ziyarar Inna. A ƙofa dole mai ziyara ya faɗi sunan wanda ya zo gani. Ranar farko gandiroba ya tambaye ta, ta yi shiru. Ya sake tambaya, ta ce, "Ɗan'uwan wannan," ta nuna ƙanwata. Shekara uku tana janyo ƙanwata daga gidan mijinta don kawai ta faɗi sunana a ƙofa. Na jawo mata abin kunyar da ba a taɓa yi a gidanmu ba, amma ban sa ta karya alkunyarta ba. Duk zuwan da za ta yi sai in tuna Hajara da 'yarta, in ƙudura yau zan gaya wa Inna ta duba gafaka. In ta zauna ta buɗe kwanon tuwo sai bakina ya mutu. Sata ta riga ta sani. Amma in ce mata maraya da tsohuwa suna jiran abin da na ɓoye a jikin Alƙur'anin mijinta, na kasa. Tsoro ne da kunya, ba wani abu ba.

A can na koma karatu, na koma sallah a kan lokaci. Na roƙi Allah gafara, amma na san haƙƙin mutum sai mutum. Mafi yawan waɗanda na cuta ban san inda zan same su ba, sai addu'a. Ɗaya ne na san ƙofar gidansa.

An sake ni da kaka. Na yi wanka, na ci abincin Inna, sannan na ce ta miƙo mini gafakar Baba. Ta ɗauka karatu zan yi, har ta yi hamdala. Na laluba naɗin fatar da yatsa, yana nan inda na bar shi. Sai wani sabon tsoro ya kama ni, domin memori yakan mutu a ajiye. Ba ni da waya ba ni da kwamfuta, don haka na nufi wurin Oga Isiyaku, na ratsa layin, kaina a ƙasa. Na gaya masa komai. Ya karɓa, ya goge bakin memorin da gefen rigarsa, ya sa a wata tsohuwar waya. Muka ji akuya. Na ga haƙorin Oga.

Na ce, "Oga, ko za ka taimaka ka aika masa?"

Ya ce, "Aike ya ƙare. Kai za ka kai, kuma ka faɗa masa da bakinka. Tafi da wayar, ka bar masa."

Na hau acaɓa zuwa Miri bayan la'asar. Ko'ina an baza masara ana shanya. Na sami tsamiyar, na sami Malam Buba a gindinta yana ɗinke bakin buhu. Bai gane ni ba. Na durƙusa na ce, "Malam, ni ne mai gyaran wayar da ka zauna a bencinsa shekarun baya, na rantse maka wayarka ba ta zo wurina ba. Ƙarya na yi. Ni na wanke ta. Muryar tana hannuna tun ranar, tsoro ya hana ni kawowa. Daga gidan yari nake, ga ta."

Ya daɗe yana kallon wayar bai karɓa ba. Sannan ya ce, "Tun ranar tana wurinka?"

Na ce, "Tun ranar."

Ya ce, "Dada ta rasu da damina. Har ta kwanta ciwo tana tambayata ko an dace."

Da ya ɗauki sandar da ke gefensa ya buga mini da na ji sauƙi. Ya mayar da kai kan buhunsa ya yi ɗinki biyu ko uku, sannan ya ajiye basillar ya leƙa zaure ya yi kira. Wata yarinya ta fito, doguwa kamar ubanta, da allo a hannu. Ta gaishe ni. Ya zaunar da ita kusa da shi bai yi mata bayanin komai ba, ya ce da ni, "Kunna."

Akuya ta yi kuka, kwanuka suka yi ƙara. Sai muryar ta ce, "Maryama."

Yarinyar ta ɗago kai ta ce, "Na'am."

Malam Buba ya rufe fuska da hularsa. Ni ma na juya ina kallon masara. Muryar ta ci gaba, ke Maryama zo nan, wa ya ce ki ci ƙasa, yarinyar tana kallon wayar tana kallon ubanta. Da ta ƙare ta ce, "Baba, wace ce ta san ni?"

Ya ce, "Innarki ce."

Ta ce a sake. Sau huɗu muna sakewa. A na huɗun har dariya ta yi, ta ce ita ba ta cin ƙasa.

Da zan tafi na roƙe shi gafara. Ya ce, "Nawa na yafe. Na Dada kuwa ba ni da ikonsa, sai ka riƙa yi mata addu'a." Ya ɗaura mini masara a ƙullin buhu, na ce ba zan karɓa ba, ya ce ba a zuwa Miri da kaka a koma hannu wofi, ko wane ne.

Yanzu ina da ɗan tebur a cikin shagon Oga Isiyaku, inda idonsa ke kaina, kuma hakan ya yi mini. Abin da nake samu bai kai na da ba, amma in na kai cefane Inna ta sa albarka, yana wucewa lafiya ba ya tokare ni. Na yi aure bara. Muryar Hajara kuwa na kwafe ta wuri uku, ɗaya a wurin Malam Buba, ɗaya wurin ƙanwarsa, ɗaya a shago. In ya shigo gari yakan biyo mu gaisa, ya ba ni labarin karatun Maryama. Duk Juma'a ina sa Dada a addu'a, matar da ban taɓa gani ba.

To ƙannena, kun ji. Ba a aljihun mutum aka fara kama hannuna ba, a kan tambayar da na ƙi yi ne. In an kawo maka waya a kulle, tambayi kwali, tambayi rasit, ka dubi idon mai ita. In ya ce ta ƙanwarsa ce, ka ce ƙanwar ta zo. Zai yi fushi ya wuce tebur na gaba, bar shi ya wuce, abincinka ba ya hannunsa. Kada ka ce kai sana'a kake yi. Ɓarawon waya ba ya cin riba sai da mai wanke masa, kuma alƙali ya san haka. Duk wayar da ka ɗora a bokis, akwai wani a cikinta.

In kuma ka riga ka yi, abin wani yana hannunka, kada ka tsaya neman dabara kamar yadda na yi. Tashi yau ka kai masa da ƙafarka. Maryama ta jira ni don yarinya ce, Dada ba ta samu ta jira ba.